Randar da Ba Ta Riƙe Ruwa

Shekaranjiya jikata ta shigo ɗakina neman cajar waya, idonta ya faɗa kan tsohuwar randar da ke bayan ƙofa, sai ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ta. Randar ta amsa a dushe, kwaf, kwaf, irin amsar tukunyar da ta tsage. Yarinyar ta yatsine fuska ta ce, "Hajiya, wannan ai ta mutu, me kike yi da ita?" Na ce ta ɗauki abin da ya kawo ta ta ba ni wuri. Ta fita tana dariya. Ni kuwa ƙarar nan ta riga ta ɗauke ni ta dire a Yangoji, a bakin hanya, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka.

Ni 'yar fari ce. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba, ku da kuke rungume 'ya'yanku na fari a gaban surukai kuna sumbatarsu, ko kunyar Allah babu. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama a yi hirarsa da ita. Ana yaye ni aka kai ni wurin Kaka, mahaifiyar Babana, can na tashi. Iyayena suna Kaduna inda Baba yake aikin gwamnati. Uwar da ta haife ni Yaya nake ce mata, ganina da ita kuwa sai wani babban dalili ya kawo su gida, kuma ko sun zo ɗin, gaisuwa ce kawai daga nesa.

Kada ku ce wahala na sha, ban sha ba. Kaka ta riƙe ni riƙon ƙwai. A lokacin ba wanda ya yi mafarkin za a kafa babban birnin ƙasa a dajin nan. In aka ce Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja ake nufi, daga can kuma wata jar hanya ta gangaro ta ratsa ta ƙofar gidanmu ta nufi Koton Karfe. Mu 'yan gidaje ne na Hausawa a tsakiyar Gwarawa manoman doya. Kaka tana soya ƙosai a bakin hanyar, ni ina miƙa wa fasinjoji ta tsakanin katakon manyan motoci. Da hantsi matan Fulani su sauke ƙwaryar nono a gefenmu, matan Gwarawa su wuce da itace a kafaɗa, ba a ka ba. Abinci bai taɓa yanke mana ba. Abu ɗaya ne ba ni da shi, shi kuwa ƙanwata ce ta kwashe shi duka.

Ita ce ke bi na, tsakaninmu bai fi shekara biyu zuwa uku ba, kuma ita babu wata kunya a kanta. A cinyar uwarmu ta girma. Mama take ce mata, da baki cike, sai ka ce ita kaɗai aka haifa. Wallahi duk lokacin da kalmar nan ta fito daga bakinta sai in ji kamar an ɗiga mini man ƙosai a ƙirji.

A ƙarshen wata damina, sabuwar doya ta fara shigowa, Baba ya sauka daga mota riƙe da hannun ƙanwar tawa. Takalmin roba ja ne a ƙafarta, amma ba shi ya tsone mini ido ba. Kitson kanta ne. Ƙanana, a jere, tsagar ta fita tas. Na ja ta bayan rumbu kamar za mu yi wasa, na dinga bin layin kitson da yatsa, don na san hannun wa ya bi ta wurin. Ta ce, "Mama ce ta yi mini, har barci na yi a ƙafarta." Na ce ai bai ma yi kyau ba, ya karkace.

Sallama Baba ya zo yi. An yi masa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Ikko, can bakin teku, kuma da iyalinsa zai tafi. Ikko fa! A wancan zamanin wanda ya tafi Ikko da baƙin gashi, da furfura ake sa ran ganinsa. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, Baba da ƙanensa, wato Baffa, suka zauna, Kaka tana gefe tana tsince wake. Ni na raɓe a bayanta ina taya ta, kunnena kuwa yana kan tabarma. Maganar da ake yi ita ce ta yadda za a yi tafiyar, a jirgin ƙasa ko a mota.

Baba jirgi yake so, kuma an ma ba shi waranti, takardar shiga jirgi kyauta, daga wurin aiki. Ya ce jirgi ko ya makara zai kai ka. Akwai wurin miƙe ƙafa, akwai ruwa, akwai makewayi a ciki, mace mai goyo ba sai ta roƙi kowa ya tsaya mata a daji ba. Kaya a shigar da su taragonsu a rufe. Ba ruwan jirgi da taɓo, ba ruwansa da gadar da ruwa ya cinye, kuma in ya zo Jebba ta kan gada zai haye kogin Kwara, kana zaune kana cin rakenka.

Baffa kuwa ya taɓa yin karen mota kafin ƙafarsa ta samu matsala, saboda haka zagin mota a gabansa kamar zagin iyaye ne. Ya ce jirgi bai san kowa ba. In ka sauka sayen ruwa ya busa, ya tafi da matarka da kayanka, ko waiwaye babu. Ga garin gawayi da ke shiga ido, ga ɓarayin tasha, ga kwana a kan dandamali ana jiran abin da ba a san ranar zuwansa ba. Direba kuwa mutum ne, ana roƙonsa, ana ba shi goro ya tsaya a yi salla, ya kuma sauke ka a ƙofar gidan da za ka. Ya ce mota ma zaɓi biyu gare ta, ko a bi ta Jebba, ko a biyo ta nan a gangara Koton Karfe a shiga jirgin fito a haye zuwa Lakwaja.

Baba ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Jirgin fito? Ka manta wace ce matata? Matar da ko rafin bayan gari ba ta tsallakawa sai ta rufe ido? Mota kuwa, warin mai kaɗai ya ishe ta amai har ta galabaita. Jirgin ƙasa za mu shiga, an gama magana."

Duk wannan musu Kaka tana kan tsintar wakenta. Sai da suka lafa ta tambaya, ba tare da ta ɗago daga faifanta ba, "Shi jirgin, ta ina yake bi?" Baba ya ce ta Minna. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Wannan "to" ɗin a cikina ya sauka. Ban san taswira ba, amma na san Minna ba nan kusa ba ce, na kuma san ƙarfen jirgi bai ratsa ta Yangoji ba. In suka shiga jirgi, uwata za ta wuce ta can bayan duwatsu ta tafi ƙarshen duniya ban sa ta a ido ba. In mota ce ta hanyarmu, dole ta bi ta gaban kaskon ƙosan Kaka. Ba ruwana da makewayi, ba ruwana da garin gawayi. Abin da na sani kawai shi ne jirgi zai raba ni da ita, mota za ta kawo mini ita, kuma an riga an zaɓi jirgi.

Ƙanwata kuwa ta samu abin yi. Kwanakin da suka yi a gidan, ba ta bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Ta ga jirgi a tashar Kaduna, tsawonsa ya fi garinmu. Za ta zauna a bakin taga, Mama a gefenta, za a saya mata burodi a kowace tasha. Ta tara yaran unguwa ta jera su, kowa ya riƙe ƙugun na gabansa, ita ce kan jirgi, tana busa da baki. Ta ce in zo in zama tarago na ƙarshe. Na ce ni kullum ina ganin mota, ba baƙuwar tafiya ba ce. Ta ce, "Mota ai ta awaki ce da buhun albasa." Ranar na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta da gaske ba, na roƙi Allah ya saukar da ruwan da zai kwashe hanyar jirgin nan tun daga Kaduna har Ikko.

Ranar da za su koma, Kaka ta ɗaure wa surukarta daddawa da busasshiyar kuɓewa. Baba ya sa ƙafa zai hau mota ke nan ta ce, kamar abin ya faɗo mata ne a lokacin, "Ka ce da ita na ji an ce a Ikko ba su da randar kirki. A garwa suke ajiye ruwa, su sha shi da ɗumi kamar na wankan jego." Baba ya ce in haka ne bari ya karɓi ɗaya yanzu wurin maƙwabciyarmu ya tafi mata da ita. Kaka ta harare shi. Ta ce, "Namiji ya san randa? Kai da ka taɓa sayo mini tukunyar da ko kunu ba ta riƙe ba? Mace ita ke zaɓen randarta da kunnenta. Kai dai ka faɗa mata abin da na ce." Baba ya ɗaga kafaɗa ya hau. Ni ma ban ga komai a maganar ba, har haushin Kaka na ji, ana zancen rabuwa tana zancen tukwane.

Maƙwabciyar tamu wata dattijuwar Bagwariya ce, maginiya. A yankinmu ba a rasa masu ginin tukwane, amma nata daban ne. Ba ta zama ta juya tukunya, ita ce ke zagaya ta da baya-baya tana jan yumɓu sama, sannan ta zana mata ƙadangaru da kifaye a wuya. Ruwan randarta in ka sha da tsakar rana sai haƙoranka sun amsa. Wanda ya san kaya ba ya saye sai ya ƙwanƙwasa. Lafiyayya takan yi ƙara mai tsawo, tan, ta ɗan jima tana amo. Mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta ganuwa, a dushe take amsawa. Kaka ta sha faɗa cewa a duk matan da ta sani ba mai kunnen tukunya kamar uwata.

Aka kwana biyu ba labari. Ruwa yana ta zuba, hanya ta zama kunu, motoci suna kafewa a gangaren bayan gari, maza suna fita da fatanya da ganye suna tura su. Ni na riga na sallama. Duk motar da ta tsaya nakan miƙa ƙosai ban kalli fuskar kowa ba. Sai ran nan wani direba da ya saba tsayawa wurinmu ya leƙo ta taga ya ce da Kaka an ba shi saƙo daga Kaduna. Ɗanta ya ce a gaya mata suna tafe ranar kasuwa mai zuwa, a mota, ta nan. A ce da maginiya ta fito da randunanta bakin hanya, don mai ɗakinsa ta kafe ba za ta taka Ikko ba sai da randar Gwari, kuma ita za ta zaɓa da kanta. Direban ya ce, "Mutumin ranshi a ɓace yake, Inna. Ga warantin jirgi a aljihu, mace ta sa shi biyan mota saboda tukunya."

Baffa ya yi ta murna kamar shi ya ci musun. Ni kuwa farin ciki ya ɗauke ni sama, kafin in sauko wani abu ya soke ni. Saboda tukunya. Ba a ce tana son ganin kowa ba. Shekara nawa ina garin nan ba ta taɓa kafewa sai ta zo ba, amma ga shi ta juya tafiyar gida guda saboda yumɓu. Duk da haka zuciya ba ta da ƙashi. Na wanke zanena mai kyau, na sa Kaka ta yi mini sabon kitso, na ce ta ja shi sosai ya fita kamar na 'yan birni. A ɓoye kuma na ƙulle 'yan tsummokarana a ɗankwali na cusa a bayan zana, ko da za a ce, ke, hau mu tafi.

Sun iso wajen azahar, a wata babbar mota mai bodin katako, an loda buhuna har sama, mutane a kan benci a tsakiya. Karen mota ya diro ya cusa weji a ƙarƙashin taya. Baba ya fara sauka, fuska a murtuke. Sai ƙanwata, idanu sun kumbura don kuka, jan takalmin ya yi dumu-dumu da taɓo. Ba zan ɓoye muku ba, ganinta haka ya yi mini daɗi har cikin raina. Sannan aka riƙo hannun uwata ta sauko da goyon ƙaninmu a baya. Ta yi fari fat, leɓɓanta sun bushe, tana riƙe da ɓarin lemun tsami a hanci. Sai da ta dafa jikin motar ta ɗan tsaya kafin ƙafafunta su ɗauke ta.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka. Ta gaida Baffa, ta gaida maginiya, ta gaida matan Fulani, ta tambayi lafiyar maƙwabtan da ko sunansu ban zaci ta riƙe ba. Da idonta ya zo kaina sai ya tsallake, kamar yadda ake tsallake kwata. Na durƙusa na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ta ce "Yawwa," tana kallon mangwaro.

Direba ya ce minti kaɗan zai ba mu, yana son ya kama jirgin fito kafin a rufe. An jera randuna a gefen hanya, madaidaita, irin waɗanda za su iya tafiya. Uwata ta zauna a kan turmin da aka kifa mata. Kaka ta ce da ni, "Ke, zaunen me kike? Miƙo wa baƙuwa randunan nan ɗaya-ɗaya, ki riƙe mata da kyau ta gwada."

Na rungumo ta farko da ƙyar na kawo gabanta. Ta ce da iska, "A karkato ta." Na karkato. Ta ɗora tafin hannunta a wuyan randar, a daidai inda nawa hannun yake, rabin tafinta a kan yatsuna. Hannun da sanyi. Ta sunkuyo da kanta har ɗankwalinta ya gogi goshina, ta ƙwanƙwasa. Randar ta yi amo mai kyau, tan, ko kurma ya san lafiyayya ce. Ta jima a sunkuye tana saurare, har amon ya mutu, ba ta ɗago ba. Ina jin numfashinta a kan sabon kitsona, ina jin warin lemun tsami da na man mota. Can ta ce, "A'a. A kawo wata."

Haka muka yi da ta biyu, haka da ta uku. Kowacce sai ta dafa, ta sunkuyo, ta saurara, ta ce a'a. Maginiya ta fara tafasa. Ta ce da Hausarta, "Kai, mata! Wannan mai kyau ne, ni na gasa shi da hannuna! Duka ƙasar nan ba ka samu irin shi!" Uwata ta ba ta haƙuri ta ce a kawo ta gaba. Muka ƙare layin kaf, ta ce a sake dawo da ta farko, kamar ba ta ji ta sosai ba. Direba ya danna hon. Fasinjoji suka fara surutu daga sama, wani yana cewa in aure ake ɗaurawa a gaya musu su sauko. Baba yana kai da kawo yana cewa, "Don girman Allah ki ɗauki ɗaya, duk ba yumɓu ba ne?" Kaka kuwa ta juya baya tana ta juya ƙosai, kamar ba a gabanta ake yi ba.

Ni a lokacin hannuwana sun gaji, zuciyata ta fi su gajiya. Ga ni a gabanta, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai tafin hannu ba, amma tukunya take saurare. Ta lallaɓa wuyan randa, ta shafa cikinta, ta bi zanen ƙadangarun da yatsa. Na ce a raina, ni ko rabin wannan ban taɓa samu ba. Ku yi dariya in kuna so, amma wallahi ranar na yi kishi da randa, kishi na gaske, har na so in sake ta ta tarwatse.

Magana ɗaya ta yi da ta shafe ni, ita ma ba da ni ta yi ba. Tana sunkuye ta ce, "Inna, wa ke yi wa yaran gidan nan kitso? Ana ja da yawa, zai cinye musu gaban goshi." Kaka ta ce za a sassauta. Yaran gidan nan, in ji ta, alhali duk gidan ni kaɗai ce yarinya.

Da aka zagaya layin sau biyu ba sauran abin gwadawa, sai ta nuna wata da ke can gefe ita kaɗai, ta ce, "Waccan fa?" Maginiya ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta tsage a wuta, kaji za ta kai wa. Uwata ta ce a dai kawo. Na kawo. Ta dafa, ta sunkuyo, ta ƙwanƙwasa. Kwaf, kwaf. A daidai nan direba ya tayar da mota, karen mota ya zare weji. Uwata ta miƙe, ta zare randar daga ƙirjina, da ɗumin jikina a jikinta, ta rungume. Maginiya ta bi ta tana ihu, "Ba shi ba! Shi ya fashe! Ɗauki wannan!" Ta ce, "Ita nake so."

Ina tsaye na ga an ɗaga ƙanwata daga kan benci an ɗora ta a kan buhun albasa, aka ba randa wurinta, a gefen uwata, ta zagaye ta da hannu. Motar ta ja. Ba wanda ya ce in hau. Ba ta ɗaga mini hannu ba, ba ta waiwayo ba, fuskarta tana cikin mayafi. Na bi motar da ido har ta sha gangara, sannan na shiga bayan zana na zauna a kan ƙullin kayana na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Kaka ta same ni a wurin. Na ce mata randa ta fi ni, randa aka zo ɗauka, randa aka ba wurin zama. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Matar da ke jin tsagar tukunya tun daga zaure, yau ta ɗauki fasasshiya a gaban idonki, ba ki tambayi kanki komai ba?" Na ce ai alhakina ne ya kama ta, Allah ya sa ruwan ya tsiyaye su rasa na sha. Kaka ta yi tsaki ta ce, "Ke dai kan ubanki kika ɗauko." Ta zaunar da ni a ƙafarta ta warware kitson nan tas, ta sake shi sako-sako.

Sun daɗe a Ikko. Ganina da uwata na gaba sai a bikina, nan ma tana ƙuryar ɗaki, don uwar 'yar fari ba ta fitowa. Daga baya Baba ya yi ritaya suka koma Kaduna, ni kuma aure ya zaunar da ni a nan, birni ya taso ya same mu. Nakan je gaishe ta, mu yi hirar ciwon ƙafa da tsadar gero. Ta tsufa tukuf, jikokina ma ta goya, amma har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tsakanina da ƙanwata kuwa zumunci muke yi, ba mu taɓa faɗa ba, sai dai can ƙasan zuciyata ban daina ganin ta ci rabona ba.

Bayan an yi arba'in ɗin rasuwar uwarmu ƙanwar tawa ta yi waya ta ce tana tafe. Lokacin an riga an fara jirgin nan na Kaduna zuwa Abuja, mai sanyi, kafin ka gama gyangyaɗi ka iso. Na ce ta shigo shi mana, ga ta da ciwon baya, ga hanyar mota ba daɗi. Ta ce a'a, da kaya. Da yamma sai ga ta ta fito daga motar haya tana ɗingishi, rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zanen uwarmu. Ta dire shi a tsakar ɗakina ta zauna tana haki. Ta ce, "Ga tsiyarki nan. Sau biyu ke nan randar nan tana hana ni shiga jirgi."

Na ce randata kuma? Ta ce, "To ta wa? Yaya, ke fa har yanzu ba ki da wayo." Sai ta ba ni labarin da ban sani ba. Tun daga Kaduna har Ikko uwarmu amai take, ko ruwa ba ya zama a cikinta. A jirgin fito ta cusa kai cikin bakin randar tana salati har aka haye. Randar ba ta taɓa riƙe ko moɗa ɗaya ba, a garwa suka sha ruwansu kamar kowa. Amma duk gidan da suka koma da ita ake komawa, a ɗakin uwarmu take kwana, kullum a goge. Yaro ya taɓa ta ya sha duka. Ranar da Baba ya ce a fitar da wannan tarkace, sai da aka kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Na ce, "Ke dai kin more. Ke kika yi barci a ƙafarta." Ta kalle ni, tsohuwa da ita, ido ya ciko. Ta ce, "Na yi. Amma ni ba ta taɓa ƙin jirgi saboda ni ba. Tun ina kan buhun albasar nan na san ba randa aka je gani ba, kuma tun ranar nake jin haushinki." Muka zauna mu biyu, kowa da furfurarta, muna kuka muna dariya, kowacce tana ganin ɗaya ce ta kwashe rabo mai tsoka.

Yanzu jar hanyar nan ta zama kwalta mai faɗi, motoci suna wucewa ta Yangoji ba sa ko rage gudu. Mangwaron babu shi, jirgin fito an daɗe da mantawa da shi tun da aka yi gada. 'Yata takan kira ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ta rungume shi a gaban kowa. Nakan yi mata faɗa in ce ba ta da ta ido, amma ƙarya nake, sha'awa suke ba ni. Kishin ƙanwata kuwa bai tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya. Ita ta samu uwa shekara da shekaru, ni abin da na samu bai fi tsayuwar mota ɗaya ba. Sai dai yanzu na san abin da aka sha kafin a yi tsayuwar.

Da jikata ta fita shekaranjiya, na tura ƙofa, na jawo randar gabana na karkato ta. Na dafa wuyanta, na sunkuya, na ƙwanƙwasa, na jima ban ɗago ba. Da daddare wajen cin tuwo na gaya wa yaran gidan cewa duk wanda ya sake taɓa randar nan, ni da shi ne.